Ina Zan Samu Taron Masu Son Barin Giya a Zariya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a sakaya sunana. Ni magidanci ne, shekarata 43, da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Sana'ata gyaran janareta da injin ban-ruwa a nan Zariya. Shekara 16 ke nan ina shan giya. A unguwarmu cikin birni babu wanda zai ce ya taɓa ganina da kwalba. In na tashi daga aiki Sabon Gari nake bi, in shige ƙuryar wata mashaya, kafin in shiga gida in tauna kanumfari. Da can kwalba biyu ta ishe ni, yanzu sai na haɗa da giyar 'yar leda, kuma da safe in ban ɗan kurɓa ba hannuna rawa yake yi, ko sifana ba na iya riƙewa. Na yi rantsuwa ban san iyaka ba. Da nakan daina a watan azumi in koma ruwa bayan salla, bana ko wannan ya gagare ni.

Wani kwastomana da ya zauna a ƙasar waje ya ce min can akwai taron da masu son barin giya suke yi su kaɗai, suna taimakon juna, babu likita babu malami. Akwai irinsa a Zariya? Ta yaya zan same su ba tare da asirina ya tonu ba? Sannan ya ce a coci aka fi yi, to ya halatta Musulmi ya shiga?

Wani bawan Allah, birnin Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sunanka yana wurina, kuma nan zai tsaya. Zan amsa maka duka ukun, amma akwai maganar da ka faɗa ka wuce wadda ta fi su gaggawa, wato rawar hannun nan ta safe. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin masu larurar ƙwaƙwalwa kafin in ajiye aiki, kuma duk sanda na ji wannan magana hankalina tashi yake yi. Jikinka ya riga ya saba da giya har ba ya iya aiki sai da ita. Wanda ya kai wannan mataki, in ya wayi gari ya ce daga yau ya daina, ya kulle kansa a ɗaki da buta da carbi, yana iya rasa ransa.

Ga dalili. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi. In aka daɗe ana danne ta, sai ita ma ta ƙara ƙaimi don ta daidaita. Ranar da aka janye giyar farat ɗaya, wannan ƙaimin ba shi da abin da zai tare shi. Tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe karkarwa take farawa, da zufa, da tashin zuciya, da faɗuwar gaba, barci ya ƙaurace wa ido. A cikin kwana biyun farko wasu sukan yanke jiki su faɗi suna jijjiga, ko da ba su taɓa farfaɗiya ba. Mafi hatsari yakan zo daga kwana na 2 zuwa na 4: zazzaɓi, sambatu, mutum ya manta inda yake, ya shiga gane-gane. Na taɓa kwana a kan wani direban tanka a irin wannan hali, ƙato majiyin ƙarfi, jikinsa sharkaf da gumi, yana ta kakkaɓe zanin gado yana roƙon mu cire masa kiyashin da suka cika masa jiki, alhali babu ko ɗaya. 'Yan'uwansa sun zaci iska ce, suka fara kai shi wurin ruƙiyya, sai da ya galabaita suka kawo shi. Allah ya yi da sauran kwanansa. Shi ma niyyar kirki ce ta kai shi can, tuba ya yi ya yanke sha dare ɗaya.

Saboda haka kafin taro, asibiti. Ba cewa nake ka ci gaba da sha ba, cewa nake gobe da sassafe ka rufe shago ka je ka yanki kati. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. In ka fi kusa da Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan, ka fara daga can su rubuta maka takardar turawa. In kuma tsoronka kada ka haɗu da idon sani, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana kula da masu matsalar shaye-shaye, tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, ka je ka dawo a yini ɗaya. Na san abin da mutanenmu suke kiran irin wannan asibiti, kuma na san sunan kaɗai ya hana da yawa zuwa. Ka toshe kunnenka. A layin nan za ka tarar da malaman makaranta, da 'yan kasuwa, da masu jego da barci ya gagara.

In ka shiga wurin likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗa masa kwalba nawa, leda nawa, ƙarfe nawa kake farawa, da ko kana haɗawa da ƙwaya ko maganin tari. Kusan duk mashayin da na gani rabin abin da yake sha yake faɗa, kuma a kan abin da ka faɗa likita yake auna magani. Zai ba ka abin da zai kwantar da karkarwar na 'yan kwanaki, yana ragewa a hankali, da bitamin B1 wanda giya take ƙarar da shi a jiki, wanda rashinsa yake lalata ƙwaƙwalwa. Zai duba hantarka, ka roƙe shi ya haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B, domin in suka haɗu da giya ɓarnar ta fi sauri. Shi zai yanke ko a gida za ka yi jinya ko sai an ba ka gado. Abin da na hana ka shi ne ka je kyamis ka sayi diyazafam, ƙwayar nan mai sa barci, da kanka. Haɗa shi da giya yana iya tsayar da numfashi, kuma na ga waɗanda suka bar kwalba suka kamu da ƙwayar.

To, yanzu maganar taro.

Abin da kwastomanka ya ba ka labari shi ne ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA. A 1935 ta fara, a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, kuma mutum biyu ne kacal suka fara ta. Bill Wilson ɗan kasuwar hannun jari ne daga Niyok, giya ta riga ta tsiyata shi, ya samu 'yan watanni bai sha ba. Ya je Akron neman wata harka, harkar ta rushe, ya tsinci kansa shi kaɗai a otal, ga mashaya a gefe tana kiransa. Maimakon ya shiga, sai ya kama buga waya yana neman a haɗa shi da wani mashayi da zai yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda shi ma giya ta ci ƙarfinsa. Ka lura, Wilson don ya ceci kansa ya nemi likitan nan. Ya gano cewa in yana yi wa ɗan'uwansa mashayi magana, ƙishin da ke damunsa lafawa yake yi. A kan wannan aka gina komai, kuma yau ƙungiyar tana ƙasashe sama da 100.

Zaman kansa ba shi da wani ado. Kimanin awa ɗaya ne. Mutane su zauna, a karanta ɗan abin karantawa, sannan kowa ya faɗi halin da yake ciki: yadda makonsa ya kasance, inda ya kusa faɗuwa, abin da ya riƙe shi. Ba a katse mai magana, ba a yi masa wa'azi, kuma in ba ka son cewa komai sai ka yi shiru ka saurara. Sunan farko kawai ake faɗa. Ba kuɗin rajista, sai ɗan abin da mutum ya ga dama ya jefa don shayi ko hayar ɗaki. Sharaɗin shiga guda ɗaya ne, son barin sha. Akwai zaman da kowa yake iya halarta, har da iyali, akwai kuma wanda na masu matsalar ne kaɗai. Bayan ka ɗan saba, sai ka zaɓi wani da ya daɗe da dainawa ya zama majiɓincinka, wanda za ka kira ko da tsakar dare ne in abin ya motsa. Suna da matakai 12 da ake bi sannu a hankali, daga yarda cewa giya ta fi ƙarfinka, zuwa lissafa waɗanda ka zalunta da neman gyara tsakaninku. Kuma ba sa ɗaukar alkawarin har abada. Na yau kaɗai suke ɗauka, gobe in ta zo a sake ɗauka. Kai da ka gaji da karya rantsuwa, ina ganin wannan zai yi maka daɗin ji.

Yana aiki? A 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum sama da 10,000. Ta samu cewa AA da tsare-tsaren asibiti masu tura mutane cikinta sun yi daidai da sauran hanyoyin jinya, kuma wajen barin sha ɗungurungum na tsawon lokaci sun ma fi su. Yawancin binciken a Amurka aka yi, ba a Sabon Gari ba. Amma abin da yake sa ya yi aiki a can na gan shi da idona a nan. Asibiti yana iya wanke maka jiki a mako ɗaya. Matsalar ita ce ƙarfe shida na yamma, an rufe shago, ga kuɗin aiki a aljihu, ƙafarka ta san hanya, kuma duk abokan da suka san ainihinka suna can kan benci suna jiranka. Likita ba ya nan a wannan lokacin. Wanda yake nan shi ne mutumin da shi ma ya san ƙarfe shidan nan, wanda in ka ce masa "yau abin ya taso" ba zai zaro ido ba, zai ce ina kake, tsaya nan ga ni zuwa.

Game da Zariya, kada ka sa ran ganin allo a PZ ko Kwangila an rubuta ga taron masu barin giya. Tarurrukan AA a Najeriya ba su da yawa, kuma sun fi samuwa a manyan birane kamar Legas da Abuja. Ƙananan ƙungiyoyi kuwa sukan canja wuri da lokaci, ba sa kuma talla. Ni ma ba zan buga adireshin kowane zama a wannan fili ba, domin ranar da na buga, 'yan ganin ƙwaƙwaf za su riga masu buƙata zuwa.

Ƙofar da ta fi kusa da kai ita ce asibitin da na tura ka. Bayan ka ga likita, ka nemi jami'in walwalar marasa lafiya ko masanin halayyar ɗan Adam na sashen, ka tambaye shi kai tsaye: akwai zaman rukuni na masu barin sha? Akwai waɗanda aka sallama da suke haɗuwa? Su ne suka san wa ya daina, wa yake neman abokin tafiya. Ba za su ba ka sunan kowa ba, kuma daidai ne, amma suna iya karɓar lambarka su miƙa wa wanda ya yarda. Ranar asibiti kuma ka buɗe ido a kan bencin jira. Na ga zumuncin da aka ƙulla a kan bencin nan ya riƙe mutane shekaru. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma ta buɗe layin waya na kyauta a 2022, 0800 1020 3040, dare da rana, inda masu ba da shawara suke amsawa. Kada sunan hukumar ya firgita ka, ba a kama mutum don ya kira neman taimako, kuma suna iya nuna maka cibiya mafi kusa.

Sai wayarka. Tun lokacin korona tarurrukan AA da yawa suka koma Zoom, kuma da yake ƙasashe sun bambanta a lokaci, kusan kowace awa akwai zaman da ake yi a wani wuri. Shafin ƙungiyar na intanet zai kai ka ga jerinsu. Kana iya rufe kyamara, ka sa sunan da ka ga dama, ka sa abin sauraro a kunne kana zaune a shagonka bayan yara sun tashi. Murya kaɗai ba ta cin data sosai. Cikas ɗin shi ne yawancinsu da Turanci ake yi. In kana ji ko da sama-sama ne, ka shiga, labarin mashayi ba ya buƙatar dogon Turanci kafin ɗan'uwansa ya gane shi. Ka gwada zama daban-daban kafin ka yanke hukunci, domin kowane da irin mutanensa. Amma a ganina waya tallafi ce kawai. Ba za ta zo ta tsaya a ƙofar shagonka ranar da aka biya ka kuɗin babban aiki ba.

Shi ya sa nake son ka riƙe wannan: a ƙa'idar AA kanta, mashaya biyu ko uku da suka haɗu don neman daina sha sun isa su zama rukuni. Ba sai an ba ku lasisi ba. In jami'in asibiti ya haɗa ka da mutum ɗaya, kun isa ku fara, kuma da Hausa za ku yi. Ku sa rana da lokacin da ba ya canjawa, kuma ku zaɓi daidai lokacin da kuka saba tafiya mashaya. Wurin zama yana buƙatar tunani. Kada ku yi a zauren ɗayanku, domin a cikin birni maƙwabta sun san mashin ɗin kowa da takalmin kowa, kafin mako uku an fara tambaya. Ɗaki a harabar asibiti ya fi, ko aji a wata makaranta bayan an tashi, ko bayan shago a wata unguwar da ba taku ba, Samaru ko Tudun Wada. Abin da aka faɗa a ɗakin ya mutu a ɗakin, ko matarka ba za ka ba ta labarin wani ba. Ba hoto, ba ɗaukar murya. In za ku buɗe zauren WhatsApp, ku sa masa sunan da ba zai ja ido ba. Kada bashi ya shiga tsakaninku, na ga rancen dubu biyar ya watsa zaman da ya fara kyau. Jagoranci ya riƙa zagayawa, kada wani ya zama shehin sauran. Wanda ya koma ruwa kuma, in ya dawo a matsa masa ya zauna, ba tuhuma. Komawa ruwa tana faruwa da yawa a wannan ciwo, kuma wanda ya ji kunyar dawowa shi ne aka fi rasawa.

Ka yi hattara da masu cin kasuwa da wahalar mutane. Duk wanda ya nemi kuɗin fom, ko ya ce zai raba ka da giya cikin kwana bakwai, ko ya fito da jarkar magani, ko ya ce ku tsaya a ɗauki hoto don masu ba da tallafi, ka ɗauki hularka.

Tambayarka ta uku ba ni da ikon fatawa a kanta, ka kai ta wurin malamin da ka amince da ilminsa da riƙon sirrinsa. Amma zan gaya maka yadda abin yake, don ka kai masa tambayar daidai. Gaskiya ne waɗanda suka kafa AA sun taso ne daga wata ƙungiyar Kirista da ake kira Oxford Group, kuma a ƙasashen waje coci ce ta fi ba su aron ɗaki. Sai dai ƙungiyar ba ta ƙarƙashin kowace coci, ba ta tambayar addininka, kuma a matakanta cewa take kowa ya dogara ga Ubangiji yadda ya san Shi. Wasu zaman sukan rufe da addu'ar Kirista, ba dole ba ne ka bi, ka yi taka a zuci. Musulmin Amurka da suka so tsari irin nasu sun kafa Millati Islami a birnin Baltimo a 1989, suka daidaita matakan 12 da Alƙur'ani da hadisi. Ku ma in kun kafa naku ba abin da zai hana ku buɗe da Fatiha. Ga Zariya kuma, inda Musulmi da Kirista suke zaune benci ɗaya a mashaya, ban ga dalilin da zai hana su zama benci ɗaya wajen barinta ba, kowa da addu'arsa.

Abin da na san zai fi tsaya maka a rai shi ne faɗin laifinka a gaban mutane, tunda an hane mu tona abin da Allah ya rufa mana. A fahimtata, wanda aka yi wa kashedi shi ne mai kwana yana saɓo ya wayi gari yana ba da labari yana alfahari. Mai faɗa cikin nadama, a ɗaki rufe, ga wanda zai taimake shi ya daina, ya fi kama da mai nuna wa likita ciwonsa. Ka tuna kuma ita kanta giyar a mataki-mataki aka haramta ta: aka fara da cewa cutarwarta ta fi amfaninta a Baƙara, aka hana kusantar salla cikin maye a Nisa'i, sannan hani na ƙarshe ya sauka a Ma'ida. Kuma ya zo a Bukhari cewa akwai sahabin da aka sha kawowa saboda sha, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Ina kawo maka wannan ne domin na san abin da yake mayar da irinku mashaya bayan kowace rantsuwa: tunanin cewa ai an riga an lalace. Ba ka lalace ba, ƙanena. Kada ka bar sahun jam'i don kana jin kai mai datti ne.

Abu na ƙarshe, matarka. Shekara 16 kanumfari bai ɓoye mata komai ba. Ka gaya mata kafin ka je Shika, domin a kwanakin farko kana buƙatar wanda zai sa maka ido cikin dare.

TAMBAYA

Gaisuwa mai yawa, Baba. Ni matar aure ce daga Wusasa, 'ya'yanmu uku. Maigidana malamin firamare ne, mutumin kirki in bai sha ba. Ya fara da burkutu ranar kasuwa, yanzu ogogoro ne kullum, albashi ba ya kai mako. Fastonmu ya yi masa magana, zumuntar mata sun yi mana addu'a, yakan yi kuka ya ce ya daina, bayan kwana uku ya koma. Wata maƙwabciyata ta kawo min wani gari ta ce in riƙa zuba masa a miya, zai sa ya tsani giya. Yayyensa kuma sun ce a kai shi wani gida inda ake tsare irinsu har su shiryu. Wanne zan bi? Kuma in akwai taron masu barin sha, zan iya zuwa a madadinsa?

Mai neman mafita, Wusasa

AMSA

'Yata, sannu da haƙuri. Kada ki bi ko ɗaya.

Garin nan ki zubar da shi. Ba ki san abin da ke ciki ba, ita ma maƙwabciyar ba ta sani ba, kuma hantar mai shan ogogoro kullum ba ta da sauran ƙarfin ɗaukar abin da ba a sani ba. Akwai magani na asibiti, disulfiram, wanda in mutum ya sha giya a kansa fuska take yin ja, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ga amai, jini ya sauka ƙasa, wani lokaci har a rasa rai. Saboda haka likita ba ya ba da shi sai da sanin mai shan da yardarsa, bayan an duba zuciyarsa da hantarsa. Akwai wasu magungunan masu rage ƙishin giya, kamar naltrexone, su ma ta hannun likita. Ban da hatsarin, ranar da ya gane kina zuba masa abu a abinci, amanar da za ki buƙata nan gaba don ki kai shi asibiti ta tafi.

Maganar gidan mari kuwa, ki tuna wa yayyensa abin da aka gani a Rigasa a Kaduna cikin Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga irin wannan gida, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Iyayen da suka kai su da kyakkyawar niyya suka kai su. Ga mai shan giya kullum akwai ƙarin hatsari, wanda na yi bayani a amsar da ke sama: a kulle shi ba giya ba magani, jijjiga ta kama shi cikin dare, babu ma'aikacin lafiya ko ɗaya a kusa. In dole sai an kwantar da shi, a kwantar da shi inda akwai likita.

Ba za ki iya zuwa taro a madadinsa ba, kamar yadda ba za ki iya daina sha a madadinsa ba. Amma akwai naku. Matan waɗanda suka fara AA sun ga cewa su ma giyar ta jigata su ko da ba su taɓa kurɓa ba, sai Lois, matar Bill Wilson, da wata abokiyarta suka kafa Al-Anon a 1951 don iyalan mashaya. Su ma suna zama ta intanet. In Turanci ko data zai yi miki wuya, ki duba cikin zumuntar matan nan taku. Na tabbata ba ke kaɗai ba ce mai kwana da kunne a ƙofa. Ki samu ɗaya ko biyu masu riƙe magana, ku ware lokacinku daban, ku faɗa wa juna gaskiya ba tare da ta zama abin sanarwa a gaban jama'a ba.

Kafin nan, ga abin da yake hannunki. Ki daina biyan bashin mashaya, ki daina zuwa wurin hedimasta kina cewa zazzaɓi ne ya hana shi zuwa. Na san don rufin asiri kike yi, amma kowane rufi yana ɗage ranar da zai ga girman abin. Ku yi magana da safe in ya wartsake, ba cikin dare yana tangaɗi ba, kuma ki kawo abu ɗaya takamaimai: kuɗin makarantar wance da ba a biya ba, faɗuwar da ya yi a bakin rijiya. Ki nemi ya yarda ranar albashi a fara cire kuɗin abinci da na makaranta a ba ki, a gaban yayan da yake jin nauyi. Kada yara su hau mashin ɗinsa in ya sha. In kuma ya fara ɗaga miki hannu, ki kwashe yaran ki tafi gida, wannan ba wurin haƙuri ba ne.

Ki lura da jikinsa. In kika ga idonsa ya yi rawaya, ko ciki da ƙafafu sun kumbura, ko ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, ko ya faɗi yana jijjiga, ki nemi mota nan take ko da tsakar dare ne. Asibitin St. Luke yana nan kusa da ku a Wusasa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Shika.

Kukan nan da yake yi yana cewa ya daina, ki ɗauke shi da gaske, amma kada ki bar shi ya tsaya a alkawari. Kwana ukun da yake yi ya koma, wataƙila karkarwa da rashin barci ne suke mayar da shi, kuma wannan yana da magani. Duk safiyar da ya sake cewa ya tuba, ki ce masa to mu je yanzu. Ki tanadi kuɗin mota da na kati tun yau ki ɓoye, ki rubuta abin da yake sha da lokutan da yake sha a takarda, ki tafi da ita ki miƙa wa likita.